Rewayoyinmu ku riƙa gwadawa kafin ku ce a sayo

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya min a rai tun daminar da ta wuce, magana ce akan gilashin ƙofar mota mai aiki da lantarki, wannan da ake danna maɓalli ya hau ko ya sauka. Nasan wani zai ce duk matsalolin da ke damun ƙasar nan sai maganar gilashi, toh wanda bai taɓa tuƙi daga Pambegua zuwa Kaduna ruwa na dukan kuncinsa ba shi ne zai faɗi haka.

Ni direba ne, ina da tsohuwar Hilux mai ƙofa huɗu da nake ɗauko masara da waken suya daga Saminaka in kawo cikin gari, da ita nake ci da iyali da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Wata ranar Laraba cikin watan Agusta na taso da lodi hadari ya haɗo baƙiƙƙirin ta gabas, muka iso wani shingen jami'an tsaro na sauke gilashi muka gaisa na nuna takardu, na wuce na danna ya hau, shiru. Na sake dannawa shiru, ko ɗan ƙara babu. Kafin in yi tafiyar minti 5 ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na gangara gefe ni da yaron motata muka yanka buhu muka maƙala a ƙofar, buhun ya tare min madubi dole muka cire rabi, haka na iso Maraban Jos rigata sharkaf kujera ta sha ruwa, takardun motar da ke aljihun ƙofa duk sun jiƙe sun manne da juna. Kuma Malam Edita ka san halin hanyoyinmu, mota da gilashi a buɗe ba ka isa ka ajiye ta ka shiga masallaci hankalinka kwance ba, daren nan a cikinta yaron ya kwana.

Washegari da sassafe na kai ta wajen wani mai rewaya, bazan faɗi garejin ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ya danna maɓallin sau biyu ya kara kunne a ƙofa yace Oga moto ne ya mutu, wato ɗan injin lantarkin cikin ƙofa da ke jan gilashin. Nace ka tabbata? Yace aikinmu ne kullum. Ko kwan fitila bai ɗauko ba, ya aiki yaronsa aka sayo moto ɗan Beljiyam, ya ɓalle murfin ƙofar na ciki da sukundireba ƙarfi da yaji har ƙananan maƙalan roban nan guda uku suka karye, ledar da ke manne a bayan murfin ya yage ta ya cilla ƙasa yace ba ta da amfani. Ya ɗaura moton, ƙofa na buɗe ya danna gilashi ya hau sumul, na biya na yi godiya na tafi. Kwana biyu tak, a Kawo ina sauke kaya, ya sake tsayawa a ƙasa.

Na koma yace ai kayan Beljiyam sa'a ne, a sake sayo wani. Raina ya ɓaci na bar wajen na tafi gun wani, shi kuma da na ba shi labari yace tunda an canza moto bai yi ba toh suwic ne, babban suwic ɗin nan na gefen direba mai maɓallai huɗu. Shi ma aka sayo, ya ma fi moton tsada, aka saka ya yi aiki a gaban idona, kwana ɗaya da wuni ya koma gidan jiya. Da na koma masa sai cewa yayi bari ya zagaye fiyus ɗin da waya wai ko shi ke rage wuta, nan ne nace a'a ajiye min mota ta, don da idona na taɓa ganin wata Kanta ta kama wuta a bakin hanya kuma masu ita suka ce daga irin wannan haɗin ne. Fiyus an yi shi ne ya ƙone a madadin wayoyin mota, in ka ɗaure shi da waya ka cire mai gadi ne kawai, ranar da wuta ta haɗu wayar ce za ta yi ja a cikin dashbod.

Wajen sati uku ina fama, na yanko katako na tokare gilashin daga ciki, a shingen bincike sai dai in buɗe ƙofa, wasu jami'an har su ɗauka raini ne. Wani abokina direban tifa da muke sallah tare shi yace in je wajen wani dattijo a kusa da Panteka ta Tudun Wada, yace tun zamanin da ake harhaɗa Peugeot a Kakuri yake aikin wayar mota, kamfanin nan da ya fara fitar da motoci a 1975, lokacin da gilashin akori-kura 504 da hannu ake murɗa shi ba ruwan kowa da lantarki.

Na same shi zaune kan benci a inuwar wata rumfar kwano, gashinsa fari fat, tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi nace Baba gilashi ne ya gagare ni, na fara lissafa abin da aka canza. Yace dakata ɗana, zauna tukuna. Bai taɓa motar ba sai da ya yi min tambayoyi. Yace in ya tsaya, na sauran ƙofofin suna aiki? Wallahi Malam Edita sai na yi shiru, don sauran ukun kullum a rufe suke ban cika taɓa su ba, muka je muka danna, ashe duk huɗun sun mutu, har in ka danna daga maɓallin ƙofar fasinja. Yace toh ka ga moto huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Ya sake cewa, akwai lokacin da yake dawowa da kansa? Nace eh wani lokaci in ina lodi ƙofa na buɗe sai in danna in ga ya motsa. Yayi murmushi yace motarka ta daɗe tana faɗa maka ciwonta.

Kayan aikinsa ba wani abu bane, kwan fitilar mota ne ƙarami da ya haɗa wa waya biyu, ɗaya da ɗan maƙali a baki ɗaya da tsinin ƙarfe, sai wata tsohuwar mita a aljihu. Ya fara da maɓallin kulle gilasai da ke jikin babban suwic, yace da yawa yaro ne ke danna shi a zo ana cewa na baya sun lalace, amma shi ba ya hana na direba aiki don haka ba shi bane. Ya buɗe akwatin fiyus ya taɓa tsinin a kan ƙafa biyun fiyus ɗin gilashi, kwan ya kama ta ko'ina, yace lafiya lau, ya nuna min yadda launi ke faɗin ƙarfin fiyus, ruwan ɗorawa amfiya 20 ne kore 30, yace kar ka yarda a sa maka wanda ya fi abin da aka rubuta a murfin akwatin. Sannan ya ciro suwic ɗin daga ƙofa ya maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen mota ya taɓa wayar da ke kawo wuta, kwan ya haska, wuta na zuwa kenan. Sai ya cire maƙalin daga jikin mota ya mayar kan wata farar waya mai baƙin layi, yace wannan a Toyota ita ce mai mayar da wuta jikin mota, ya sake taɓawa, kwan bai kama ba. Yace ɗana riƙe min nan, ka zuba ido kan kwan. Ya kama ƙofar yana buɗewa a hankali a hankali, tana kaiwa wajen rabi kwan ya yi ƙyaf ya kama, ya ƙara turawa ya mutu, ya dawo da ita ya sake kamawa.

Akwai wata roba mai lanƙwasa kamar maƙogwaro tsakanin ƙofa da jikin mota ta wajen hinji, duk wayoyin ƙofa ta cikinta suke bi. Ya zame ta baya da yatsa, ga wayoyi nan kusan goma, a ido duk lafiyarsu ƙalau. Ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan farar sai ta miƙe kamar cingam, roban waje na nan amma tagullar ciki ta katse, bakin biyu suna taɓa juna ne kawai in ƙofa ta tsaya a wani waje. Shekara da shekaru ana buɗe ƙofar direba ana rufewa, ni kaɗai a rana ina buɗe ta ya fi sau talatin, wayar na lanƙwashewa a waje ɗaya har ta gaji. Shi yasa duk wanda ya canza min kaya sai gilashin yayi aiki a gabansa, saboda ƙofa a buɗe yake aikin kuma ya jijjiga wayoyin, ni kuma in tafi in rufe ƙofa in faɗa ramukan hanya ta sake rabuwa.

Abin da ya ƙara burge ni yadda ya gyara. Bai murɗa bakin biyu ya naɗe da salatif a wajen ba kamar yadda aka saba, yace in ka haɗa a daidai inda take lanƙwasa wata biyu ba za ta yi ba. Ya yanko sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya da waccan kamar tsawon taƙi biyu, ya zura ta cikin robar, haɗi ɗaya ya yi shi a cikin ƙofa ɗayan a cikin mota ta wajen ƙafar direba, ya like da dalma ya rufe, ya zama inda ke lanƙwasa lafiyayyar waya ce zalla. Ya duba sauran ya ga biyu roban su ya fara tsagewa, ɗaya ta lasifika ce ɗaya ta makullin ƙofa, su ma ya canza. Duka aikin bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuɗin da ya karɓa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe a baya ba.

Tsohon motona yana nan a bayan kujera na ajiye shi, yace ɗauko. Waya biyu ce da shi, ya jona su kai tsaye a batir ya juya, ya sauya wayoyin ya juya ta ɗaya gefen, da ƙarfinsa. Yace haka yake aiki, suwic ba abin da yake yi illa juya masa wuta, ta nan gilashi ya hau ta can ya sauka, kuma wannan gwajin na minti ɗaya shi ya kamata a fara yi kafin a tura ka kasuwa. Ya ƙara da gargaɗi ga masu manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo, yace su nasu wutar batir bolt 24 ce ba 12 ba irin ta Hilux, in aka ɗaura musu moton ƙaramar mota zai yi gudu na ɗan lokaci ya ƙone, kwan gwajin ma sai na 24.

Tunda ƙofar na buɗe na zauna ina ta tambayarsa, shi kuma ba ya rowar sani. Zan faɗi abin da na riƙe saboda 'yan uwana direbobi. In ka danna ka ji shiru, kunna fitilar cikin mota ka sake dannawa kana kallonta, in ta ɗan dushe toh wuta na isa moto, shi ne ya maƙale ko gilashin ya cije, in ko ba ta dushe ba sau da yawa matsalar tana kafin moto, fiyus ko rile (ɗan abin da ke buɗe wa wuta hanya) ko suwic ko waya. In ka ji moto na kuka amma gilashi bai motsa ba, ko kana jin ƙaras ƙaras a cikin ƙofa, ko gilashin ya faɗa ciki gaba ɗaya, wannan ba aikin wuta bane, injin ɗaga gilashin ne. Iri biyu ne, akwai mai kama da almakashi mai haƙoran ƙarfe, akwai mai siririyar igiyar ƙarfe da ke naɗewa a kan ɗan gangan roba, mai igiyar in ta tsinke ko ta cukurkuɗe gara a canza shi ɗungurungum. In kuma sai ka bubbuga ƙofa da hannu kana danne da maɓalli sannan ya tashi, gawayin cikin moton ne ya cinye, ana iya buɗewa a goge a sa wani, masu gyaran kik da altaneto sun san wannan aikin. In gilashin fasinja na aiki daga maɓallinsa amma ba ya yi daga gefen direba, ko yana sauka ba ya hawa, a fara duba suwic, sau da yawa datti ne da baƙin ƙuna a kan ƙarafan ciki, gogewa kawai yake so.

Sai maganar hunturu, wadda ta shafe mu sosai a nan Arewa. Ƙurar nan tana shiga roban da gilashi ke bi ta bushe shi, gilashi ya riƙa hawa da kyar yana nishi, wani lokaci ya tsaya a rabi sai ka jira kaɗan ya ci gaba, yace akwai wani ɗan abu a cikin moton da ke yanke wuta in yayi zafi ya mayar in ya huce, mutane sai su ɗauka aljanu ne ko moto ya mutu alhali wahala ce ta yi masa yawa. Maganin a wanke roban da tsumma da ruwa a fesa masa man silikon, banda baƙin mai banda giris, su suna kumbura roba kuma su tara ƙasa. Giris na ƙarafan ciki ne da haƙora.

Da ya ga ledar nan babu sai da ya girgiza kai. Yace ruwan sama dama yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, haka aka yi ta, ledar ce ke hana shi taɓa murfin ciki da suwic, sannan ya fita ta wasu ƙananan ramuka a ƙasan ƙofar. Ya sa waya ya zungure ramukan nawa, laka da ƙwayoyin masara suka zubo har da wadda ta fara tsiro. Ya aiki yaro ya sayo leda mai kauri ya yanka daidai ya manna, ya nemo maƙalai uku a cikin wani gwangwanin madara da yake tara su ya maye waɗanda aka karya. Kuma ya ja kunnen yaran da ke koyon aiki a wajensa a gabana, yace duk wanda zai zura hannu cikin ƙofa ya fara ɗaga gilashi ya manne shi da salatif mai faɗi ta saman ƙofar, ya zare mukulli, kuma injin almakashi akwai sifirin mai ƙarfi a jikinsa, in ka kwance moto ba ka tokare shi ba zai iya datse maka yatsa. Ya nuna musu tabon da ke hannunsa na hagu.

Malam Edita ba ina cewa rewayoyin farko ɓarayi bane, ban ga alamar sun yi niyyar cuta ta ba, abin da aka koya musu kenan, in abu ya tsaya a canza, in bai yi ba a canza na kusa da shi. Amma wannan canje canjen aljihun talaka yake ƙarewa a kai, a wannan tsadar da kayan gyara suka yi tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala kuma ta tashi, direba ba shi da rarar da za a yi ta gwaji da kuɗinsa. Kuma motocin yanzu sun fi tawa rikici, wasu gilashin ma ta kwamfutar mota yake bi, wasu in an cire batir sai an sake saita shi, ka ɗaga har sama ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu kafin hawa da kansa ya dawo, wanda bai sani ba sai ya ce suwic ya lalace a sayo.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai da rewayoyi na Kaduna, daga Panteka har Kurmin Mashi da Kakuri da Rigasa, kar a yaye yaro sai ya iya aiki da kwan gwaji da mita, ya iya bin waya daga fiyus har inda ta ƙare. Ga kwalejin fasaha ta Kadpoly nan maƙwabciyar Panteka, ga hukumar NBTE mai kula da ilimin sana'a ita ma tana da ofishi a garin nan, dan Allah a riƙa shirya wa yaran garejin nan bita ko ta sati ɗaya ce da Hausa, a kuma ɗauko irin su Baban nan su koyar tun suna da rai da lafiya, don shi kansa yace min cikin yaransa shida biyu ne kawai ke da haƙurin tsayawa su gwada. Mu ma direbobi da namu laifin, mu ne ke zuwa muna sauri muna cewa a yi a yi lodi na jira, wani in rewaya ya ce ba sai an sayi komai ba sai ya raina aikin ya ƙi biyan kuɗin kirki, alhali gano ciwon shi ne aikin. Ni dai yanzu duk wanda zai taɓa min mota sai ya nuna min da kwan fitila inda wuta ta tsaya, kuma tsohon kayan da aka cire a ba ni abina.

Ita ma wannan jarida ina roƙon ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata da masu sana'ar hannu za su riƙa amsa tambayoyin mutane, za ku sha mamakin yawan masu karantawa a tashoshin mota. Moton Beljiyam ɗin da suwic ɗin da na saya suna nan a jikin motar, tsofaffin nawa kuma masu lafiya na sa su a leda na ajiye a gida, wanda ya sayar min yace ba a mayar da kayan wuta in an riga an ɗaura.

Na gode da wannan dama, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
wani direba daga Tudun Wada, Kaduna.